Sakan Talatin da Kwandon Mangwaro: Yadda Ake Gina Agogo da Maki a Wasan Kwamfuta na Farko

Lambobi biyu ne ke zaune a saman allon kusan kowane ƙaramin wasan kwamfuta. Ɗaya na raguwa, ɗaya na ƙaruwa. Mai raguwar ita ce lokacin da ya rage wa ɗan wasa, mai ƙaruwar kuma makin da ya tara. Mai koyon tsara manhaja yakan bar su sai ƙarshe, bayan ya gama da zane da motsi da sauti, don a ganinsa aikin minti biyar ne. Alhali kuwa a nan aikin yake. Hoton da ke kai da kawo a allo ba ya zama wasa sai an yanka masa wa'adi, an kuma sa masa sakamako. Waɗannan lambobi biyu su ne ke raba wanda ya ci da wanda aka ci, don haka duk kuskuren da ya shige su ɗan wasa ne zai kwana a ciki, ba tare da laifinsa ba.

Manhajar da yara da sababbin masu koyo suka fi farawa da ita a wannan fanni ita ce Scratch. An ƙirƙiro ta a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, aka sake ta ga jama'a a 2007. Siga ta biyu ta fito a 2013, ta uku a watan Janairun 2019. An yi ta ne musamman don 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ce, akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba tare da intanet ba, kuma Hausa na cikin harsunan da aka fassara ta zuwa gare su. A Scratch ba a rubuta umarni da hannu. Tubala ne masu launi ake jawowa a jera, kowanne da aikinsa: masu ruwan ɗorawa na farkon aukuwar abu, kore na lissafi, shuɗi mai haske na ji da gani, masu ruwan lemo na ajiyar bayanai. Filin wasan yana da faɗin ɗigo 480 da tsayin ɗigo 360, kuma manhajar tana sabunta hoton allo sau 30 a kowane sakan. Wannan adadi na ƙarshe shi ne tushen yawancin rikicin da za a gani a gaba.

A ɗauki wasa mai sauƙi a matsayin misali. Mangwaro na faɗowa daga sama, ɗan wasa na jan kwando hagu da dama da maɓallan kibiya, duk wanda ya tara a kwando maki ɗaya ne, kuma sakan talatin aka ba shi.

Ma'ajiya, da abin da take mantawa

Abu na farko da ake buƙata shi ne ma'ajiya: wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka laƙaba wa suna, ake zuba masa lamba, ake kuma iya canza ta. Wannan wasa na buƙatar biyu, ɗaya mai suna maki, ɗaya mai suna saura. Tubala biyu ne ke aiki a kansu. Ɗaya yana goge abin da ke ciki ya sa sabuwar lamba, ɗayan yana ƙara wani adadi a kan abin da ya tarar. Mai koyo da ya musanya su zai ga makinsa ya tsaya cak a kan 1, ko mangwaro nawa ya tara, saboda kowane karo shirin na cewa maki ya zama ɗaya maimakon a ƙara ɗaya.

Ma'ajiya ba ta san an sake wasa ba. Idan aka gama da maki 17 aka danna koriyar tutar farawa, 17 ɗin nan na nan zaune, sai an umarci shirin ya mayar da shi sifili. Shi ya sa tubalan farko a ƙarƙashin tuta su ne na share fage: maki ya koma 0, saura ya koma 30, kwando ya koma tsakiya. Akwai kuma zaɓin da Scratch ke bayarwa lokacin ƙirƙirar ma'ajiya, ko ta zama ta kowa a wasan ko ta abu ɗaya kaɗai. Maki na kowa ne. Idan aka mallaka wa mangwaro shi, sannan aka riƙa yin kwafin mangwaron don su faɗo da yawa, kowane kwafi zai zo da nasa makin daban, ya ƙara ɗaya a cikinsa, ya ɓace da shi. Allo kuma na nuna sifili.

Hanya biyu ta auna lokaci

Hanyar da kowa ke fara bi ita ce ta ƙirga: a jira sakan ɗaya, a rage ɗaya daga saura, a maimaita har ya kai sifili. Tubala uku ne, ana fahimtarsu nan take, kuma a wasan sakan talatin ba wanda zai lura da aibinsu. Amma aibin na nan. Tubalin jira ba ya sallamar shiri a daidai cikar sakan. Yana sallamarsa ne a karo na farko da manhajar ta waiwayo shi bayan sakan ɗin ya cika, kuma tana waiwayowa ne kusan kowane milisakan 33. Saboda haka kowane sakan na wasan yakan ɗan ɗara sakan na gaskiya. Rarar ba ta komawa, taruwa take yi. Idan kwamfutar tsohuwa ce, ko allon ya cika da abubuwa masu motsi, rarar sai ta ƙaru. Yara biyu za su buga wasa ɗaya a na'ura biyu, dukansu allo ya nuna musu 30, amma ɗaya ya fi ɗaya samun lokaci.

Hanya ta biyu ba ta ƙirga komai, tambaya take yi. Scratch na da agogonta na ciki, a rukunin tubalan ji da gani, wanda ke tafiya da lokacin gaskiya ko shirin na sauri ko yana jan ƙafa, kuma akwai tubalin da ke mayar da shi sifili. Sai a mayar da shi sifili a daidai lokacin da wasa ya fara, sannan a kowane zagaye a ce: saura ya zama 30 a debe abin da agogo ya nuna. Bambancin hanyoyin biyu kamar na mutum biyu ne da aka sa su tsaron tukunya: ɗaya na ƙirga lokaci a ka, ɗaya na ɗaga kai ya dubi agogon bango. Na farko idan aka ɗauke masa hankali lissafinsa ya rikice ke nan, na biyu ko ya yi gyangyaɗi, da ya farka zai ga gaskiya. A hanya ta biyu idan na'ura ta sarƙe na rabin sakan, lambar allo za ta yi tsalle ta riski inda ya kamata ta kasance, wa'adin kuma bai ƙaru da komai ba.

Wannan darasi ya girmi Scratch nesa ba kusa ba. Kwamfutar IBM ta 1981 tana gudu ne a megahaz 4.77, kuma masu rubuta wasanni da dama a lokacin sun jingina saurin wasa a kan saurin na'urar. Da aka samu na'urori masu gudu fiye da haka, wasannin suka zama ba sa buguwa, komai na wucewa kamar walƙiya. Abin ya kai ga an riƙa sa wa kwamfutoci wani maɓalli a gaba da ake rage musu gudu da shi don tsofaffin manhajoji su yi aiki. A wasan Space Invaders na 1978, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito na Japan, maharan na ƙara sauri yayin da ake kashe su, saboda na'urar na samun sauƙin zana 'yan kaɗan da suka rage. Nishikado ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, ya bar shi haka. Sa'a ce ta faɗo a inda ake so, ba tsari ba ne da mai koyo zai dogara da shi.

Hanya ta biyun ma tana da nata tarko, guda biyu, kuma duka daga gutsattsarin lamba suke fitowa. Agogon ciki ba ya bayar da cikakkun lambobi. Saura zai iya zama 0.02 a wannan zagaye, a na gaba ya zama ƙasa da sifili, bai taɓa sauka daidai a kan 0 ba. Shirin da aka ce masa ya tsaya idan saura ya yi daidai da sifili ba zai tsaya ba har abada, sai dai a ga lamba na nutsewa: −1, −2, −3, mangwaro na ci gaba da zuba. Sharaɗin da ya dace shi ne a tsaya idan agogo ya wuce 30. Doka ce da ta shafi kowane harshen tsara manhaja, ba Scratch kaɗai ba, domin kwamfuta ba ta riƙe yawancin gutsattsarin lamba daidai wa daida. A Python ko JavaScript, idan aka haɗa 0.1 da 0.2, amsar da ke fitowa ita ce 0.30000000000000004.

Tarko na biyu na wajen nunawa ne. Ba wanda ke son ganin 17.433 na rawa a kusurwar allo, don haka ana mayar da shi cikakkiyar lamba. Idan aka yi amfani da tubalin da ke kai lamba ga mafi kusa da ita, 0.4 zai zama 0, ɗan wasa ya ga sifili alhali wasa bai ƙare ba, har ma ya ci maki a kan sifilin. Abin da ake so shi ne tubalin da ke ɗaga lamba sama, wanda ke mayar da 0.4 ya zama 1. Da shi sifili ba ya bayyana sai lokaci ya ƙare da gaske. Idan wa'adin ya haura minti, sai a raba saura da 60 a zubar da gutsure a samu mintoci, ragowar rabon kuma shi ne sakanni. Sakan 125 zai ba da 2 da 5, kuma dole a liƙa sifili a gaban duk abin da bai kai 10 ba, in ba haka ba allo ya nuna 2:5 maimakon 2:05.

Dakatar da wasa na ɗan lokaci na da nasa lissafi. Agogon ciki ba ya tsayawa don ɗan wasa ya tashi shan ruwa. Sai a rubuta abin da ya nuna lokacin da aka dakata, a auna tsawon hutun idan aka dawo, a tara shi a wata ma'ajiya, a riƙa debe shi daga lokacin da ya shige.

Wanda ya wuce Scratch ya koma Python da Pygame, kayan aikinta na ƙera wasanni, zai tarar da abu ɗaya cikin wata riga. Akwai umarnin da ke faɗin milisakan nawa suka shige tun da aka tayar da shirin, akwai kuma wanda ke ƙayyade yawan hotuna a sakan, ya kuma faɗi tsawon lokacin da hoton baya ya ci. A hoto 60 cikin sakan, kowanne na cin kusan milisakan 16.7. Ana ninka saurin kowane abu mai motsi da wannan tazara, ta yadda mangwaro zai faɗo da gudu ɗaya a sabuwar na'ura da tsohuwa. A wasannin da ke gudana a shafin intanet kuwa, manhajar buɗe shafuka takan rage wa shafin da aka bari a baya yawan kulawa, don haka agogon ƙirga yakan yi barci idan aka leƙa wani shafi, na tambaya kuma ba ruwansa.

Maki ɗaya, sau ɗaya

Kuskuren maki da ya fi kowanne yawa yana da sauƙin gani. Mangwaro ɗaya ya faɗa kwando, maki ya tashi daga 3 ya koma 11. Dalili shi ne shirin na tambaya sau 30 a sakan ko mangwaro na taɓa kwando. Mangwaron da ke sauka a hankali zai ɗauki hoto bakwai ko takwas yana ratsa bakin kwandon, kuma a kowanne amsar ita ce e, yana taɓawa. A idon mutum abu ɗaya ne ya faru, a lissafin kwamfuta takwas ne. Maganin shi ne a kawar da dalilin nan take: da an ƙara maki, tubali na gaba ya ɓoye mangwaron, ko ya mayar da shi sama, ko ya goge kwafin. Idan abin da ake taɓawa ba mai ɓacewa ba ne, kamar ƙofa ko layin ƙarshe, sai a sa shirin ya jira har a daina taɓawa kafin ya koma sauraro. Kuma wuri ɗaya tak ya kamata ya riƙa ƙara maki. Idan kwando na ƙarawa, mangwaro ma na ƙarawa, kowane ci zai zama biyu.

Bayan lissafi ya daidaita, sai tambayar da ta fi nauyi: me za a saka wa ɗan wasa a kai? Tsarin maki shi ne harshen da mai wasa ke gaya wa ɗan wasa abin da yake so ya yi, ba tare da rubuta masa komai ba. Pong na kamfanin Atari, a 1972, maki ɗaya yake bayarwa ga duk wanda abokin karawarsa ya kasa tare ƙwallo, iyakarsa ke nan. Pac-Man na 1980 ya yi nisa: ƙaramin ɗigo maki 10, babba 50, dodannin da aka cinye a jere kuma 200, 400, 800, 1600. Ninkin nan ne ke sa ɗan wasa ya bar wurin da yake cikin aminci ya bi dodo na huɗu. A Tetris na na'urar Nintendo ta 1989, share layi ɗaya maki 40 ne a matakin farko, biyu 100, uku 300, huɗu a lokaci guda 1200. Wanda ya share layi huɗu ɗaya bayan ɗaya 160 kawai zai samu. Ratar da ke tsakanin 160 da 1200 ita ce ke sa gwanaye su bar tubala su taru har kusa da sama suna jiran doguwar sanda.

Super Mario Bros. na 1985 ya ɗaure agogo da maki wuri guda. Yawancin matakansa na farawa da 400 a agogo, wasu da 300, kuma kowace lamba ba ta kai rabin sakan ba. Idan saura 100 kiɗa ya ƙara sauri, idan aka kai tutar ƙarshen mataki kuma duk abin da ya rage a agogo ana mayar da shi maki, 50 a kan kowace lamba. Ɗan wasa na tsakanin ja biyu, ya tsaya tsintar kuɗi ko ya ruga. Wasan mangwaro zai iya aron wannan da tubala kaɗan: nunannen mangwaro maki 1, wani na musamman mai saurin faɗowa maki 5, ruɓaɓɓe a debe 2, wani kuma ya ƙara sakan uku a wa'adi. Sai dai idan ana debe maki, a sa sharaɗin kada ya sauka ƙasa da sifili. Yaron da ya buga wasa karo na farko ya tashi da −6 da wuya ya sake zama.

Masu ƙera wasannin farko sun yi aiki da ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa, inda ma'ajiya ɗaya ke ɗaukar 0 zuwa 255 kawai, kuma a agogo ne wannan iyaka ta yi fitacciyar ɓarnarta. A Donkey Kong na 1981, lokacin kowane mataki ana samunsa ne ta ƙara 4 a kan lambar matakin a ninka da 10. A mataki na 22 amsar 260 ce. Ma'ajiyar ba ta iya ɗauka, sai ta zagayo ta koma 4. Ɗan wasa na samun 'yan sakanni ne kawai, bai isa ko'ina ba lokaci ya ƙare, kuma duk gwanintarsa a nan wasan ke tsayawa. Pac-Man ma yana lalacewa a mataki na 256 saboda irin wannan iyaka. Ma'ajiyar Scratch ta fi ƙarfin wannan matsala, amma tambayar da ta haifar tana nan ga kowane mai koyo: me zai faru idan lambar nan ta kai inda ba a zata ba?

Ƙarshen wasa

Lokacin da agogo ya cika, abubuwa da yawa ne ya kamata su tsaya tare. Mangwaro ya daina zuba, kwando ya daina motsi, maki ya daskare. Idan kowanne na duba agogo da kansa, wani zai riga wani, a samu makin da ya shiga bayan an tashi. Tsari mafi tsafta shi ne abu ɗaya ya riƙe agogo, idan lokaci ya yi ya aika shela, sauran duka su saurare ta su tsaya. Haka ma a farko: maimakon a jera tubala biyar kowanne na jiran koriyar tuta, ba a san wanda zai riga tashi ba, sai ɗaya ya share fage sannan ya yi shelar farawa.

A wannan gaɓa ce ake duba maki mafi yawa. Ma'ajiya ta uku ce, wadda ba a mayar da ita sifili a farkon wasa, kuma sharaɗinta ɗaya: idan makin yanzu ya fi ta, ta karɓe shi. Space Invaders ne ya yaɗa al'adar barin maki mafi yawa a allo don na baya ya yi ƙoƙarin karya shi, Asteroids na 1979 kuma ya ba gwanaye goma damar rubuta haruffa uku na sunansu. A Scratch ana iya ajiye irin wannan lamba a intanet ta yadda duk mai buga wasan zai gan ta, amma lambobi kawai ake ajiyewa, ba haruffa ba, guda goma ne iyaka a kowane aiki, kuma sabon mai rajista ba ya samun damar sai ya ɗan daɗe.

Daga nan ne adalcin agogo ke zama dole. Muddin mutum biyu za su kwatanta maki, sai sakan talatin ɗin kowannensu ya zama ɗaya. Gwajinsa ba shi da wuya, kuma malamin da ke koyar da wannan darasi bai kamata ya karɓi aikin ɗalibi ba sai an yi shi a gabansa: a ajiye agogon waya kusa da allo a ga ko sun ƙare tare, a buga wasan sau uku a jere a ga ko maki na farawa daga sifili kowane karo, a tari mangwaro ɗaya tak a ga ko ɗaya aka rubuta, a bar kwando ba motsi har lokaci ya cika a ga ko wasan zai tsaya da kansa. Sannan a kwashe aikin a kai shi kwamfutar da ta fi kowacce tsufa a ajin, a sake gwajin tun daga farko.